Idan Magani Ya Ci Karo Da Magani: Nazari Daga Titin Asibiti, Nassarawa, Kano

Tsakure

Takardar nan ta duba cutarwar da ke aukuwa idan magunguna biyu ko fiye, dukansu na gaskiya, suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ko kuma magani ya haɗu da abinci ko jiƙon gargajiya. An ɗauki unguwar Nassarawa da ke Kano a matsayin wurin dubawa. Hujjar da takardar ta tsaya a kai ita ce, mara lafiya a Kano yana karɓar magani daga hannaye da yawa waɗanda ba su san da juna ba, kuma da wuya a sami mutum guda da ya taɓa ganin jerin gaba ɗaya.

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da zancen haɗarin magani a Nijeriya, hankali kan jabu yake fara tafiya, kuma akwai dalili. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya yi ajalin yara 84, wasunsu a Zariya. Marigayiya Dora Akunyili ta shafe shekarunta na shugabancin hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, tana fafatawa da 'yan kasuwar jabu. A Fabrairun 2024 hukumar, tare da majalisar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna, ta rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye, domin tilasta wa masu su komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya.

Wannan aiki ne da ya kamata a yaba. Sai dai ko da za a wayi gari babu ƙwayar jabu ko ɗaya a Kano, mutane za su ci gaba da kwanciya a asibiti saboda magani. Ƙwaya mai lambar NAFDAC, wadda aka adana a inuwa, wadda wa'adinta bai ƙare ba, tana iya tsayar da ƙodar dattijo idan ta tarar da wata ƙwayar mai kyau irinta a cikin jininsa. A watan Maris na 2017, a birnin Bon na Jamus, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage mummunar cutarwar magani da rabi cikin shekara biyar, ta kuma ƙiyasta cewa kurakuran magani na cin dala biliyan 42 a duniya kowace shekara. Karon magunguna yana cikin wannan asara.

Marasa lafiya iri biyu a titi ɗaya

Nassarawa ta dace da wannan nazari saboda irin mutanen da ke haɗuwa a cikinta. A kan Titin Asibiti akwai Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda har gobe Kanawa ke kira Asibitin Nassarawa, a kewayensa kuma ga asibitocin kuɗi da manyan kantunan magani. Masu zuwa nan iri biyu ne, kuma kowanne da hanyar da haɗarin ke biyowa ya same shi.

Akwai mazaunin unguwar mai hali, galibi wanda ya manyanta. Yana da likitan zuciya, yana da na suga, wataƙila da na ƙashi, kowanne a asibiti daban da kati daban. Ya je Masar ko Indiya an duba shi, ya dawo da jakar magunguna masu sunayen da ba a saba gani a nan ba. 'Ya'yansa na aiko masa da ƙwayoyin ƙarin kuzari daga Ingila. Ba wuya a tarar yana shan magani ɗaya sau biyu, a kwali biyu masu suna daban, ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma wadda ta hawo adaidaita daga Gama ko Birget ko Hotoro. Kafin ta iso layin ganin likita ta riga ta biya ta kemis an haɗa mata na zazzaɓi da ciwon jiki, an ƙulle a leda babu kwali babu suna. Maƙwabciya ta ba ta ragowar nata. Uwar miji ta dafa mata sassaƙe. Idan likita ya tambaye ta ko tana shan wani magani, da gaskiyarta za ta ce a'a, domin a ganinta tambayar ta shafi wanda asibiti ya rubuta ne kawai. Likitan da ke da cunkoson mutane a bakin ƙofa ba shi da sararin tonawa.

Hanji, hanta da ƙoda

Karon magunguna ba abin ɓoye ba ne ga ilimi. An san wuraren da yake faruwa, kuma mafi sauƙin ganewa shi ne na cikin hanji. Sifrofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa da sunan taifod, da kuma tetirasaikilin, suna manne wa sinadaran kalsiyam da ƙarfe da magniziyam, sai su bi bayan gida ba tare da sun shiga jini yadda ya kamata ba. Wanda ya haɗiye sifro ya kora da fura da nono, ko ya bi shi da farin ruwan maganin olsa, ko da jan maganin ƙarin jini, ya zubar da kaso mai yawa na kuɗinsa, ƙwayar cutar kuma ta sami damar koyon jure wa maganin. Ƙa'idar ita ce a sha sifro awa biyu kafin waɗannan, ko awa shida bayansu. Wannan ƙa'ida ta shafi dolutegirabir, wanda shi ne ginshiƙin maganin cuta mai karya garkuwar jiki a Nijeriya yanzu, musamman ga mai ciki da ake ba ta ƙwayar ƙarin jini a wurin awo. Shayi ma yana rage shigar ƙarfe cikin jini idan aka sha su tare. A ɗaya ɓangaren, maganin maleriya irin su Coartem yana son maiƙo: shi kam a sha shi da madara ko bayan abinci mai mai, in ba haka ba kaɗan ne zai shiga.

Na hanta ya fi wuyar ganewa, domin babu abin da mara lafiya zai gani da idonsa. Hanta tana da sinadaran da ke narkar da magani su fitar da shi. Wasu magunguna na zaburar da su, wasu na danne su. Babban mai zaburarwa shi ne rifamfisin, ƙwayar nan ta tarin tibi da ke mayar da fitsari ja, wadda ake sha tsawon wata shida. Kano na cikin jihohin da suka fi yawan masu tibi a ƙasar nan, don haka wannan ba zancen littafi ba ne. Rifamfisin yana sa hanta ta cinye ƙwayoyin tazarar haihuwa da kuma wanda ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, wanda mata ke kira ashana. Mace na iya yin komai daidai, ta sha na tibi kullum, ashanarta na hannunta, sai ga ciki a lokacin da jikinta ya fi kowane lokaci rauni. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsala, kuma jimla ɗaya daga ma'aikaciyar ɗakin tibi ta isa ta kare ta. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da finobabiton su ma haka suke yi wa ashana. Shi dai rifamfisin ɗin ne ke sa dole a ninka dolutegirabir ya zama safe da yamma, kuma wani bincike a Yuganda ya nuna yana zaftare yawan Coartem a jini ƙwarai.

Masu dannewa kuwa akasin haka suke yi, sai magani ya taru ya zama guba. Mai shan warfarin don hana daskarewar jini, kamar wanda aka sauya wa ƙofar zuciya, idan ya sayi Flagyl ko Septrin saboda gudawa, yana iya fara zubar jini ta dasashi ko ta fitsari cikin 'yan kwanaki, wani lokaci a cikin ƙwaƙwalwa. Sifro yana hana kafeyin fita, shi ya sa dattijo mai cin goro zai yi ta jin bugun zuciya da rashin barci a makon da yake shan sa. Ko 'ya'yan itace ba su kuɓuta ba. A 1989 wani masani a Kanada, David Bailey, ya gano bagatatan cewa ruwan garehul na ninka yawan wani maganin hawan jini a cikin jiki, daga baya aka tabbatar da haka ga wasu da dama, har da simbastatin na rage kitsen jini.

Amma wanda ya fi tayar wa mai wannan takarda hankali shi ne na ƙoda, saboda yawansa da kuma sauƙin kauce masa. A ɗauki misalin dattijuwa mai hawan jini da ke shan lisinofuril tare da ƙwayar sa fitsari. Haɗi ne mai kyau, likita ne ya rubuta. Gwiwa ta dame ta, jikanta ya sayo mata diklofenak ko ibufurofen ko Feldene. Lisinofuril yana sassauta jijiyar da ke fitar da jini daga matatar ƙoda, maganin ciwon yana tsuke wadda ke shigar da shi, ƙwayar fitsarin kuma ta rage ruwan jikin gaba ɗaya. Ukun nan idan suka haɗu, matsin da ƙoda ke tace jini da shi sai ya faɗi. A ƙara da zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ko kwana biyu na amai da gudawa. Iyalin da suka san kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako sun san abin da ƙwayar naira ɗari ke iya jawowa. Bayan wannan, magungunan ciwon nan suna ɗaga hawan jinin da ake ƙoƙarin saukarwa, sai likita ya ga awo ya hau ya ƙara wata ƙwayar, alhali cire ɗaya ne maganin.

Abin da ke cikin tukunya

Littattafan da ɗaliban likitanci ke karantawa an rubuta su ne a ƙasashen da ba a shan kunun kanwa. Wannan giɓi ne da masana na gida suka daɗe da fara cikewa, kuma aikinsu ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi.

A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi bayanin yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya haska wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk inda muhawarar asalin ciwon ta tsaya, abu ɗaya a fili yake: kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke sa gishiri ya riƙe ruwa a jiki. Mai jegon da aka ba Lasix domin a janye ruwa daga huhunta, tana komawa gida ana ɗura mata kunun kanwa safe da yamma, kamar mai kwarfe rijiya ne ana zuba masa ruwa ta baya. Kakar da ke dama kunun ƙauna ce ta sa ta, don haka ita ya kamata a kira a yi wa bayani ranar sallama, cikin girmamawa, ba yarinyar da ba ta da ikon cewa a'a ba.

Tsamiya ma an gwada ta. A 1996 masana uku na Zariya, Mustapha da Yakasai da Abdu-Aguye, sun wallafa cewa kunun gero mai tsamiya yana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini, a 2003 kuma wani rukunin ya sami irin wannan sakamako da ibufurofen. Gwaje-gwaje ne a kan mutane kaɗan masu lafiya, ba su isa a hana kowa kunun tsamiya ba. Amma ga mai olsa ko mai shan warfarin, abin lura ne. Zoɓo kuwa gwaje-gwaje a Nijeriya da Iran da Meziko sun nuna yana ɗan saukar da hawan jini, wanda alheri ne, sai dai mai shan ƙwayoyi uku da ya mayar da zoɓo ruwan shansa ya kamata likitansa ya sani, musamman idan ya fara jin jiri lokacin miƙewa.

Haɗari mafi gaggawa yana cikin kwalaben ƙarfin maza da ake tallatawa a lasifika a bakin kasuwa da tasha. Hukumomin magani a ƙasashe da dama, har da ta Amurka, sun sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa cewa tsantsar ganye ne. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin naitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, idan ya haɗa da wannan sinadari jininsa na iya faɗuwa warwas cikin ɗan lokaci. Kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, don haka likitan ne zai fara ta da zancen, bayan ya sallami ɗan rakiya.

Masu ciki da ƙananan yara

Fansidar da Septrin 'yan gida ɗaya ne. Dukansu na ɗauke da sinadarin salfa, kuma hanya ɗaya suke toshewa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da ke shan Septrin kullum kada a ba ta Fansidar ɗin rigakafin maleriya da ake bayarwa a awo. Hukumar ta kuma ja hankali cewa folik asid mai miligiram 5, ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ta cika kemis, yana rage ƙarfin Fansidar, inda ta ba da shawarar mai miligiram 0.4.

Ƙa'idar Septrin da Fansidar ta biyo yara har gida. Tun 2012 Hukumar ta amince da rabon maganin rigakafin maleriya wata-wata a lokacin damina ga 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, aka fara a Katsina a 2013, yanzu kuma masu rabon na shiga gida-gida a Kano. Ƙa'idar aikinsu ta hana ba yaron da ke kan Septrin. Uwa kuwa ba lallai ta san sunan ruwan maganin tarin da aka ba ta a kemis shekaranjiya ba. Mai rabon da ta ce "Maman yaro, ɗauko mini kwalbar in gani" ta fi wadda ta tsaya ga tambaya.

Haɗin kemis da dare

Yawancin magungunan mura, irin su Procold da Mixagrip, suna da farasitamol a ciki. Wanda ya sha su ya ƙara da Panadol, ya kuma ƙara da ƙullin kemis, yana iya wuce giram 4 da aka iyakance wa babba a yini, hanta kuwa ba ta kuka sai bayan kwana biyu ko uku. Ƙwayoyin ƙiba na sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai deksametason a cikinsu, idan suka haɗu da maganin ciwon jiki suna huda ciki, suna kuma hargitsa suga.

Tun da gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, zancen ya koma na 'yan sanda da hukumar NDLEA. Ta fuskar wannan takarda abin da ke kisa shi ne haɗawa. Taramadol da kodin da diyazefam kowanne na rage numfashi, idan aka tara su sai mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Taramadol tare da amitiriftilin, wanda ake ba masu suga don zafin ƙafa, yana jawo jijjiga da zazzaɓi mai tsanani. Wannan na iya samun dattijon da bai taɓa shaye-shaye ba.

Azumi

Watan Ramadan yana matse jadawalin yini guda ya koma tsakanin buɗa-baki da sahur. Ƙwayoyin da aka raba su da gangan, kamar dolutegirabir da maganin olsa, sai su faɗa cikin tafin hannu ɗaya bayan kiran magariba, a kora da kunun tsamiya. Mai ciwon suga da ke shan Daonil da sahur yana iya faɗuwa da la'asar saboda suga ya yi ƙasa, haɗarin kuma na ƙaruwa idan yana shan Septrin a makon. Ƙa'idar da ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta fitar game da azumi ta ce a duba mara lafiya mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama, kuma ya karya azumi idan awon sugansa ya sauka ƙasa da 70. Wato tun a Rajab ne aikin yake. Limaman masallatan unguwa za su iya isar da wannan saƙo inda takardar bango ba ta kai, kuma sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya ya fi shiga kunne idan daga bakinsu ya fito.

Abin da za a iya farawa da shi

Asibitocin ƙasashen da suka ci gaba suna da kwamfutar da ke yin gargaɗi idan likita ya rubuta magunguna masu karo. Abu ne mai kyau, amma kwamfuta abin da aka shigar mata kawai ta sani, ba za ta ga ƙullin kemis ko sassaƙen uwar miji ba. Abin da Titin Asibiti zai iya farawa da shi gobe ba ya buƙatar kasafi: a riƙa gaya wa kowane mai hawan jini, suga, tibi ko ciwon zuciya ya zo da duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na kantin maganin Musulunci, a zube a teburin mai harhaɗa magunguna. A nan ne za a ga kwali biyu masu abu ɗaya, a nan ne diklofenak ɗin da ba a ambata ba zai fito. Daga nan a rubuta jeri guda a kati, da Hausa, da boko ko da ajami gwargwadon abin da mai shi ke karantawa, ya riƙa nuna wa duk wanda zai ba shi magani.

Yadda ake tambaya ma yana buƙatar gyara. "Baba, me ka saya a kemis a makon nan? Akwai abin da ake jiƙa maka a gida?" ta fi fito da gaskiya. Idan kuma ya faɗa aka yi masa tsawa, ba zai sake faɗa ba, kuma zai gaya wa na bayansa a layi su yi shiru.

Masu kemis ba za su ɓace ba, domin su ne ke buɗe da ƙarfe goma na dare a Giginyu da Badawa. Maimakon a tsaya ga kame kawai, ƙungiyarsu da majalisar da ke ba su lasisi za su iya koya musu tambayoyi uku kafin su miƙa maganin ciwon jiki: ko mai sha na da hawan jini ko ciwon ƙoda, ko yana da olsa, ko tana da ciki.

Sai kai rahoto. Nijeriya ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illar magunguna a 2004, kuma NAFDAC na da fom mai ruwan ɗorawa da manhajar waya mai suna Med Safety, waɗanda likita, nas, mai harhaɗa magunguna, har ma da mara lafiyar kansa za su iya cikewa. Ba sai an tabbatar maganin ne ya jawo illar ba, zato ma ya isa a aika. Fom ɗin yana da gurbin sauran magungunan da mutum ke sha, kuma a wannan gurbi ya kamata ma'aikatan Kano su riƙa rubuta kanwa da tsamiya da zoɓo da sunan kwalbar bakin tasha, tare da yawan da aka sha da kuma lokacin.